Nagatif ba ya kwana a hannun wani

Ka ce wata hajiya ta kawo maka kwalin nagatif, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, na mahaifinta, Allah ya jiƙansa, tana so a mayar mata da hotunan cikin kwamfuta. Kana tambaya ko ka ɗora su kan hasken waya ka ɗauka da kyamarar da kake zuwa biki da ita, ko kuwa ka ba direba ya kai Legas wurin wani mai sikana da aka yi maka kwatancensa. Duka biyun a'a. Na farkon wasan yara ne, zan zo kansa. Na biyun kuwa shi ya ɓata mini rai tun safe, domin da irin wannan maganar aka raba ni da aikin da na fi ji da shi a rayuwata.

Tun ba a haife ka ba nake ɗaukar hawan salla. Ƙarama da babba, ranar Hawan Daushe ina Ƙofar Kudu tun kafin la'asar, kyamarar Nikon FM2 a wuya, ta Mamiya mai cin babban fim a jaka, ina jiran marigayi Sarki Ado Bayero ya dawo daga Babban Ɗaki. Fim ɗin 35, wato ƙaramin da Nikon ke ɗauka, hoto 36 yake ci, na Mamiya kuwa goma kacal, saboda haka ba a danna banza. In hakimi ya taho jahi da mutanensa, ƙura ta turnuƙe, ƙiftawar ido ɗaya gare ka, kuma ba za ka san ka dace ko ka yi asara ba sai an wanke fim. Ba irin naku ba na yanzu, mutum ya danna ɗari biyar ya koma gefe yana zaɓe. Duk abin da na ɗauka na adana shi a ambulan, kowane da shekararsa da sunan hawan a rubuce, cikin akwatin ƙarfe.

Da dijital ya shigo, kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, masu wankin hoto suka fara rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani mutum ya sallamo mini. Babbar riga, ƙamshin turare, magana a hankali. Ta hannun wani surukina ya biyo. Ya zauna a bencin nan da kake kai, ya yi ta ɗaga nagatif yana dubawa a hasken ƙofa yana girgiza kai. Ya ce, "Malam, dukiya kake kwana a kai, amma zafin Kano zai cinye ta. A Legas akwai injin da zai mayar da su cikin kwamfuta. Wata ɗaya in dawo maka da kayanka da faifai a kai." Har ya ce za a baje kolinsu a ƙasar waje da sunana a jiki. Za ka ce ina takarda? In ka ce baƙon surukinka ya sa hannu kafin ka ba shi kaya, surukin ka zaga. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya biyo ta wannan ƙofar.

Wata ɗaya ya wuce, damina ta zo ta tafi. Sai da na yi ta sintiri gidan surukin nan har kunya ta kama mu duka, sannan aka aiko mini yaro da faifan CD ɗaya da baƙar leda. Hotunan da ke faifan ƙanana ne, ko girman katin ɗaurin aure ba za su wanku da kyau ba. Abin da ke cikin ledar bai kai rabin abin da ya ɗauka ba. An bi su da almakashi an yanyanka ɗai-ɗai, an cakuɗa shekaru, ambulan ɗin da na rubuta babu ko ɗaya. Wasu an goge su da jiƙaƙƙen tsumma, fuskar fim ta saluɓe, ka ɗaga sai ka ga rabin doki, sauran roba ce fara tas. Na Mamiya kuwa ko guda bai dawo ba. Wai ruwa ne ya shiga ofishin.

Bayan Sarki ya rasu a 2014, kowa ya shiga neman tsofaffin hotunansa. Wata rana na shiga wani ofis karɓar kuɗin aiki, ina ɗaga kai sai ga hoto a bango ya kusa tsayin ƙofa. Sarki a ƙarƙashin laima, 'yan lifidi a gaba, daga hagu wani dogari ya juyo ya cafke linzamin dokin da ya miƙe da ƙafa biyu, rawaninsa ya warware yana lilo a kafaɗa. Ni na ɗauki hoton nan. Na san inda na tsaya, na san rana tana bayana. A ƙasan hoton kuwa tambarin wani sutudiyo ne da ban taɓa jin sunansa ba. Kai ma ka isa sanin cewa hoto mai wannan girma ba ya fitowa daga abin da ke kan faifan da aka ba ni. Daga nagatif ɗin Mamiya ya fito, wanda aka ce ruwa ya ci. Na kai magana gaban manyan sana'a, aka kira shi, ya zo da babbar rigarsa. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In nasa ne, ya kawo nagatif ɗin." A sana'armu mai nagatif shi ne mai hoto, kowa a wurin ya san haka. Aka juyo ana ba ni haƙuri. Allah ya isa tsakanina da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin da ya ce sai a Legas, yau a kan teburin nan nake yin sa, kuma ya fi abin da ya kawo mini kyau nesa ba kusa ba.

Saboda haka kafin ka taɓa kyamara, ka kira hajiya ko ɗanta, ku ƙirga nagatif ɗin tare, ka rubuta, ku sa hannu ku biyu. Wanda ya riga ya lalace ka nuna musu a nan take, kada gobe a ce kai ka ɓata. Kuma kwalin gida akwai hotunan mata a ciki, na aure da na suna. Na san halinku, ku ga tsohon hoto mai kyau sai hannu ya fara ƙaiƙayi a sa a Facebook. In na ga ko ɗaya a waje, kar ka sake tako shagon nan.

Sannan ka buɗe kwalin ka sansana. In ka ji tsami irin na binega, robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, zafi da danshi ke jawo haka, kuma ba ta da magani. Ware waɗannan daban, don tururinsu yana hanzarta lalacewar na kusa da su, kuma da su za ka fara aiki tun ba su nannaɗe ba. In funfuna ka gani, kada ruwa ya kusance su. Fuskar fim da funfuna ta ci narkewa take yi da ta sha ruwa, abin da ya sami nawa ke nan. Ka ɗauki hotonsu yadda suke tukuna, ka sami abin riƙewa, sannan ka gwada gogewa da sipirit ɗin da ake kira isofurofil, mai kashi 99, a kan guda ɗaya da ba shi da muhimmanci. Sipirit ɗin kemis akwai ruwa a ciki, bar shi can.

To, batun waya. Fuskar waya ɗige-ɗige ne ƙanana. Idonka ba ya ganinsu, amma lensi yana gani, sai ka buɗe hoto ka tarar da raga-raga a fuskar mutum. Fitilar caji ta kasuwa ma ba ta yi, haskenta ba shi da cikakken ja, fatar mutane sai ta fito kore-kore, ka kwana kana gyara ba ta gyaru ba. Nemi faifan fitilar LED da aka rubuta CRI 95 ko sama a jikinsa, wato ma'aunin yadda haske ke nuna launi daidai, kuma ka kunna shi da batir. Wutar NEPA da ta janareta hawa da sauka suke, hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu. Ɗaga fim ɗin sama da fitilar kamar faɗin yatsa biyu, don ƙurar da ke kan fitilar kada ta shigo fokos. Rufe sauran hasken da baƙin kwali, ka kashe fitilar ɗaki.

Lensin da ya zo da kyamararka ba zai yi ba. Hoton fim ɗin 35 milimita 24 ne a 36, wannan lensin ba ya matsowa kusa har ya cika fuska da shi, sai ka yanke ka zubar da mafi yawan abin da kyamarar ta ɗauka. Lensin makro kake buƙata, na ɗaukar abu a kusa, wanda ke kaiwa ɗaya bisa ɗaya, wato ya ɗauki abu daidai girmansa. Tsohon Micro-Nikkor 55 rabi yake kaiwa, sai an ƙara masa zobe. Na 60 yana kaiwa shi kaɗai. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka ɗigo 6000 a 4000, ya ishi fim ɗin 35 har da saura, kada wani ya ruɗe ka da sayen sabuwa. In akwai manyan nagatif na 120, irin na Mamiya, a kwalin, kuma zai yi wuya a rasa tunda da su ake hoton sutudiyo a da, ɗauki kowane kashi biyu, rabi ya ɗan hau kan rabi, ka haɗe a kwamfuta.

Mai ƙafa uku da kake jingina da tebur zai ba ka wahala. Enlaja ta Durst, injin da muke fitar da hoto daga nagatif zuwa takarda, tana nan a ɗakin baya, ƙura ta rufe ta. Cire kan, ɗaura kyamara a sandar tana kallon ƙasa, ka sa fim a mariƙin nagatif nata, shi zai miƙar da shi. Kada ka danne fim da gilashin taga, zai fito maka da zobe-zobe masu launi a tsakiyar hoto. Ga abin da ba wanda zai koya maka a waya: ajiye ƙaramin madubi a daidai inda fim zai zauna, ka duba allon kyamara. Za ka ga lensin yana kallon kansa. Ka yi ta gyara har da'irar lensin ta zauna a tsakiya cif. In ba ka yi haka ba, gefe ɗaya na hoton zai fito tar, ɗayan ya dushe, kuma ba za ka lura ba sai ka gama kwalin gaba ɗaya.

Saita kyamara haka: RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, ISO mafi ƙasa, f/8, taima ta daƙiƙa biyu. In sai na yi maka bayanin dalilin waɗannan, zamanka a shagon nan asara ne. Gefen fim mara sheƙi shi ke kallon lensi, ka juya hoton daga baya a kwamfuta. Fokos da hannu za ka yi, ka zuƙo allon har ƙarshe. Ba fuskar mutum za ka nema ba, ƙwayoyin fim ɗin kansu za ka nema, sai sun fito ɗai-ɗai kamar yashin rafi sannan ka danna.

Ƙura ita ce za ta gwada haƙurinka, balle da hunturu. Wasu injinan sikana suna share ƙura da kansu a fim mai kala, kyamara ba ta yi, duk ƙwayar da ka bari sai ka bi ta da hannu a kwamfuta. Goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, kashe fanka, ka sha zafin. Robar hura iska kafin kowane ɗauka, gaba da baya. Ba a hurawa da baki, ba a gogewa da bakin riga, kuma a gefe ake riƙe fim. Na ga yadda kake riƙe memori da hannun da ka ci ƙosai.

Juya nagatif ya koma hoto, baƙi da fari ba shi da wuya. Mai kala ne ke da aiki, saboda robar tasa ruwan goro ce, in ka juya kai tsaye komai sai ya koma shuɗi. A hoton farko na kowane fim, bar ɗan gefen da babu hoto ya shigo, daga nan za ka saita fari. Akwai manhajar Negative Lab Pro da ke aiki cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom, na kuɗi ne; darktable kyauta ne kuma yana da sashen yin wannan. Ko wanne ka ɗauka, kada ka saita sau ɗaya ka zuba wa kwalin duka. Kodak daban, Fuji daban, Konica daban, kuma wanda ya shekara talatin a ɗakin kwano ya riga ya koɗe ta hanyarsa. Farar riga da fatar mutum su ne ma'auninka. Rigar ta zama fara, fatar ta zauna yadda Allah ya yi ta. Ku yaran yanzu kun saba da manhajar da ke goge fuska, baƙin mutum ku mayar da shi fari sumul. Mahaifin hajiya take son gani, da zanen fuskarsa da tabon sallarsa, in ka goge su ka ba ta hoton wani ne.

In ka gama, ajiye RAW ɗin wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a faifan ajiya na waje, sannan ka ba ta nata a filas. Nagatif ɗin ka sa su a sababbin ambulan ka mayar mata, ka ce ta ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da ke shan rana, kada ta ce an gama da su ta ba yara.

Jera kayan yau da daddare, ka ɗauki fim ɗaya tak, ka kawo mini in gani a babban allo kafin ka taɓa na biyu. Kuma sukurorin kan enlajar nan ka zuba su a gwangwani, ba a samun irinsu a kasuwa yanzu.