Ɗinkin tsohuwar karya ya fara wari, wane magani zan saya?

Wannan satin yawancin saƙonnin da suka shigo min na masu kare ne, kuma akwai ɗaya da ya tsaya min a rai tun jiya, dashi zan fara.

Wata baiwar Allah daga Kaduna tace: "Malam barka da aiki. Muna da karya shekararta 11, tun mahaifinmu na raye take mana gadi. Sati ɗaya kenan da aka mata tiyata aka cire mata ƙari a nono, yanzu wajen ɗinkin ya kumbura yana fitar da ruwa mai wari, zare biyu sun tsinke, kuma tun shekaranjiya ko kallon abinci bata yi. Mai kemis ɗin layinmu ya haɗa min kafso ja da yalo da diclofenac, wani kuma yace in sayi feshin nan mai shuɗi. Kuɗin hannuna ba yawa, wanne zan saya?"

Sannu ƙanwata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da alheri kan wannan dabba da kika ƙi yasarwa. Kada ki sayi ko ɗaya. Ɗan kuɗin nan ki riƙe shi na keke da na ganin likita, ki mayar da ita wajen wanda ya mata aikin yau ɗin nan, kar ki bari sai gobe. Ɗinki in ya ɗan yi ja a kwana biyun farko ba abin tada hankali bane, amma wari da mugunya da zare mai tsinkewa ga kuma ƙin cin abinci, wannan ciwon ya wuce na shafe-shafe a gida. Wataƙila sai an buɗe wajen an wanke an cire naman da ya mutu, wani lokacin ma a ɗebi mugunyar a kai lab a gano wane magani ne zai ci ƙwayar cutar, kuma kare mai shekara 11 tsoho ne sosai, jikinsa baya jure jinkiri irin na kwikwiyo. In likitan ya miki nisa ko baya ɗaga waya, ki nemi asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, in kuma abin ya ci tura ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya, ba nisa bane daga gareku.

Diclofenac ɗin nan kuma in kin fara bata ki tsaya yanzu, ki tafi da kwalin ki faɗa wa likita ƙwaya nawa ta sha, kar kiji kunya. Shi da ibuprofen suna huda cikin kare su kuma taɓa ƙoda, balle tsohon da ƙodarsa dama ta gaji kuma baya shan ruwa sosai. In kika ga kashinta yayi baƙi kamar kwalta ko tana amai da jini, to ko dare ne ki fita da ita. Farasitamol ma ba'a ba kare da ka, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Abinda zan ce ki saya kaɗan ne kuma duk masu araha. Ruwan drip na gishiri wanda ake cewa nomal salin, da gauze ɗin wanke ciwo, da safar hannu. In babu ruwan drip ki tafasa ruwa rabin lita ki zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya ki bari ya huce, dashi zaki wanke bakin ciwon a hankali kafin ku isa asibiti. Banda auduga mai barin gashi a ciki, banda matsawa da ƙarfi. Kuma ki sa mata takunkumi ko ki ɗaure bakin da ƙyalle mai laushi lokacin wankin, domin kare mai jin zafi yana iya cizon wanda ya raine shi, ba mugunta bace, azaba ce. Feshin shuɗin nan na shanu da tumaki yana da amfaninsa a ƙaramin rauni na sama, amma in kika fesa a ɗinkin da ya buɗe kin rina wajen ne kawai, likita ya kasa ganin ina ne ja ina ne ya mutu.

Toh bari in faɗi abinda ke cina, domin na gaji da ganinsa. Mutum zai kashe dubunnai a yi wa dabba tiyata, sai an zo kan maganin bayan aiki, wanda shine rabin warkewar, a nan ne zai fara neman sauƙi. Likita ya rubuta magani, sai a tafi da takardar wajen mai tebur a bakin kasuwa ko mai yawo da kwali a ka, yace wannan babu amma ga ɗan'uwansa, a karɓa ana murna an rage ɗari biyar. Wane ɗan'uwa? Ku duba kwalin maganin, yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu na haura 40, shi kuma maganin tun safe yake kwance a rana akan tire, ko na gaske ne ƙarfinsa ya ragu balle ace jabu ne tun daga tushe. Na taɓa ganin wani maharbi da ya kawo min kwalbar allura da ya saya hannun irin masu yawon nan, lambar NAFDAC babu, ranar lalacewa an kankare an manna wata takarda a kai, kwana biyar yana tsira wa karensa ita ciwon na ƙara ci, kuma karen nan shi ke ciyar da gidan a lokacin farauta. Kuɗin da ya kashe daga baya ya ninka wanda ya so ya rage sau nawa, ga wahalar da dabbar ta sha a banza.

Shi kuma kafso ja da yalo ɗin nan da muka mayar maganin komai, gudawa shi, ƙurji shi, a fasa a barbaɗa a gyambo shi, a ba kaza a ba akuya a ba yaro. Ana sha kwana biyu da an ga sauƙi a daina. Ƙwayoyin cutar da suka tsira sune ke hayayyafa, ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai a tarar baya aiki, kuma ƙwayar cuta bata san wannan kare bane wannan ɗan mai gida ne, gida ɗaya kuke tsakar gida ɗaya kuke takawa. Dan Allah in likita ya rubuta na kwana bakwai a cika bakwai ɗin, a saya a shagon magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a gaban mai shagon, in akwai wajen kankarewa a kankare a tura lambar ta tes a jira amsa kafin a biya. Kuma adadin maganin kare da nauyinsa ake aunawa, mai kemis bai ɗora karyarki a sikeli ba, bai ma ganta ba. Haka ma masu zuwa gida akan babur da jaka suna cewa su dokta ne, ku tambaye su lambar rajistarsu ta hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, mai ita baya jin haushin tambayar.

Wani matashi daga Gusau yace ciwon karensa yayi tsutsa, abokansa sun ce ya zuba baƙin mai ko Sniper, wanne yafi saurin kashe su.

Haba ɗana, wannan wace irin tambaya ce? Sniper guba ce ta ƙwari, ta buɗaɗɗen ciwo zata shiga jini, karen zai lasa kuma, zaka kashe tsutsar ka haɗa da mai tsutsar. Baƙin mai datti ne na inji. Izal da fetur da toka duk ka barsu inda suke. Ka kai shi a cire tsutsar a wanke ramin, akwai maganin da likita ke bayarwa na wannan. Daga nan aikinka shine hana ƙuda sauka, domin shi ke saka ƙwan, ka ajiye karen a ɗaki mai raga ko ka rataya masa tsohon gidan sauro.

Wani Alhaji daga Kano yace an ce ya sayi kwalar roba mai kama da mazurari da ake sa wa kare a wuya, yaga tayi tsada, dole ce?

Dole ce Alhaji, ranka ya daɗe, ita ce ma abinda yafi cancanta ka kashe wa kuɗi. Maganar da ake cewa yawun kare na warkar da ciwonsa ita ke tsinke ɗinki, dare ɗaya ya ishe shi ya warware aikin da aka biya kuɗi aka yi. In babu hali a samu bokitin roba mara nauyi a yanke gindinsa daidai wuyan, a naɗe bakin da ƙyalle kar ya yanke shi, a ɗaure a jikin abin wuyansa, ya zama bakin bokitin ya ɗan wuce hancinsa. Zai yi ta bugun bango kwana ɗaya ko biyu sannan ya saba. Kar a cire don tausayi sai an cire zare, wanda yawanci kwana 10 zuwa 14 ne.

Mai tambaya ko sai ta saya wa karenta mai jinya abincin gwangwani na waje: ba sai kin saya ba Hajiya. Dafaffiyar shinkafa da dafaffen ƙwai ko tsokar kaza, kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a rana, da ruwa mai tsabta a kusa dashi. Banda ragowar miya mai albasa, albasa na lalata jinin kare, banda dafaffen ƙashin kaza. In likita yace ƙodarsa ta taɓu to shi zai faɗa miki yawan naman da za'a rage.

Na ƙarshe wani dattijo ne daga Funtuwa, yace 'ya'yansa na masa faɗa wai yana zubar da kuɗi akan tsohon kare da ya kusa mutuwa, shi kuma zuciyarsa ta kasa, yana tambaya ko wauta yake.

Baba ba wauta kake ba wallahi. Dabbar da ta kwana a waje shekara da shekaru kuna barci tana da haƙƙi a kanku, kuma duk mun san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. Abinda zan ce kawai, ka zauna da likitan ka tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, ciwon nan mai warkewa ne ko kuwa, kuma nawa zai ci har ƙarshe, don kar ka sayar da abin hannunka akan aikin da ba zai ɗore ba. In yace mai warkewa ne ka cigaba, ka shimfiɗa masa buhu da tsohon bargo a inuwa inda ba danshi, in baya iya tashi a riƙa juya shi duk bayan 'yan awanni kar gefen da yake kwance ya zama wani gyambon, a canza shimfiɗar da zarar ta jiƙe. In kuma yace wahala kawai yake sha, shi likitan yana da allurar da ake hutar da dabba ba tare da azaba ba, kar ka bari yara su kai shi bayan gari su yar.

Ƙanwata ta Kaduna, in kun dawo daga asibitin ki turo min abinda likitan ya rubuta da hoton kwalin da kika saya, gaba da baya, inda lambar take.