Filin Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu a Ilimin Halayyar Ɗan Adam da Ya Karkata ga Walwala

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau, kuma digirina na farko a ilimin zamantakewa ne. Ɗalibaina da dama sun fito ne daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa, sukan same ni da damuwar da ban san yadda zan yi da ita ba. Na ga tallan wata jami'a ta Ingila mai ba da digiri na biyu ta intanet a ilimin halayyar ɗan Adam da ya shafi walwala. In na yi shi, zan iya duba masu irin wannan damuwa? Ko in nemi gurbi a nan gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri a kan yaran nan. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a: irin wannan digiri, shi kaɗai, ba ya ba mutum ikon duba mai larurar ƙwaƙwalwa, kuma ya kamata ki san haka tun kafin ki biya ko sisi.

Dalilin yana cikin asalin fannin. A 1998, lokacin da Martin Seligman ya zama shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ya yi ƙorafin cewa fanninsu ya shagala da cututtuka, ya bar tambayar abin da ke sa lafiyayyen mutum ya ji daɗin rayuwarsa. Daga nan reshen ya bunƙasa, Jami'ar Pennsylvania ta buɗe digiri na biyu a kansa a 2005, jami'o'in Ingila suka biyo baya. Abin da za a koya miki shi ne ra'ayoyin masana game da ginshiƙan walwala, kamar guda biyar da Seligman ya zayyana a 2011, wato farin ciki, da nutsewa cikin aikin da mutum yake yi, da kyakkyawar hulɗa da jama'a, da rayuwa mai ma'ana, da cimma buri. Sai kuma yadda ake auna su, da yadda ake tsara shiri domin makaranta ko ma'aikata, a kuma gwada ko shirin ya yi tasiri.

Aunawar ita ce ƙashin bayan karatun, ita ce kuma tallace-tallace ba sa ambatowa. Ɗauki ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mai jimloli biyar, wanda ake kira WHO-5. Ana tambayar mutum game da makonni biyun da suka wuce: sau nawa ya kasance cikin nishaɗi, sau nawa hankalinsa ya kwanta, yana da kuzari, yakan farka da safe a wartsake, akwai abubuwan da ke ba shi sha'awa a harkokinsa na yau da kullum? Kowace jimla tana da maki daga 0 zuwa 5, jimillarsu 25, kuma wanda ya samu ƙasa da 13 ana so a ƙara bincikarsa ko yana da ciwon damuwa. Mai digirin walwala yana iya raba wannan takarda ga aji guda, ya tattara makin, ya kwatanta farkon zango da ƙarshensa, ya gane yarinyar da ke buƙatar taimako. Amma yarinyar da ta ga an kashe mahaifinta a gabanta, ba ta barci, tana zabura in an buga ƙofa, duba ta aikin wanda aka horar a asibiti ne. Tunda aunawa ce ƙashin bayan karatun, wanda ya tsani ƙididdiga da hanyoyin bincike ya sake tunani, domin kundin da zai rubuta a ƙarshe a kansu zai tsaya.

A Ingila kanta doka ta tsare sunan masanin halayya na asibiti; ba mai amfani da shi sai wanda HCPC, hukumar da ke sa ido kan ma'aikatan lafiya a can, ta yi wa rajista, kuma hanyar da aka saba bi ita ce digirin da BPS, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, ta amince da shi, sannan digirin dakta na shekara 3 mai haɗe da aikin asibiti. Wanda digirinsa na farko a wani fanni ne, kamar ke, sai ya fara da kwas na sauya fanni. Digirin walwala da yawa ba sa kan wannan hanya ko kaɗan.

A Najeriya hanyoyi biyu ne a gabanki. In burinki asibiti ne, yawanci sai kin fara da diflomar gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD, sannan digiri na biyu a reshen asibiti, wanda ke haɗe da zaman koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Jami'ar Jos da ta Ibadan da ta Nsukka, wadda ta buɗe sashen farko a ƙasar a 1964, suna da daɗaɗɗun sassa na wannan ilimi, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. In kuwa a makaranta kike so ki ci gaba da zama, digiri na biyu a jagoranci da ba da shawara, wanda ake yi a tsangayoyin ilimi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fi kusa da aikinki, kuma shi ma'aikatar ilimi ta sani. A ganina wannan ya fi dacewa da ke, sai ki mayar da walwalar ɗalibai 'yan gudun hijira ta zama batun kundinki.

In zuciyarki ta nace a kan kwas ɗin Ingila, ki rubuta musu ki tambayi abu uku: wace ƙungiya ta amince da kwas ɗin, akwai aikin gwaji ƙarƙashin mai sa ido, kuma ina waɗanda suka gama suke aiki? Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, na masu tafiya can ne su yi shekara guda, yana kuma buƙatar gogewar aiki ta shekara 2. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth ce ke da tsarin karatu daga nesa, shi ma ga wasu zaɓaɓɓun kwasa-kwasai kawai. Kafin duk wannan, ki nemi horon agajin farko na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa domin mutanen da ba likitoci ba, domin yaranki ba za su jira sai kin gama digiri ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Ilimin walwala ba al'adar Turawa ba ce aka sa wa rigar kimiyya? Ina ya haɗu da rayuwar Bahaushe Musulmi?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a zarginka, kuma masanan da kansu sun yarda da shi. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Ma'aunin da aka gina a kan ɗalibin Amurka yana fifita abin da mutum ya cimma shi kaɗai, alhali a wurinmu wanda ke da rufin asiri, yana zumunci, iyayensa suna sa masa albarka, yakan ce alhamdulillahi da zuciya ɗaya ko da aljihunsa ba nauyi. Haka kuma mai ciwon damuwa a nan ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Cewa zai yi kansa yana zafi, ko wani abu yana yawo a jikinsa, sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓi.

Amma kula da lafiyar rai bai fara daga Turawa ba. Abu Zaid al-Balkhi, masani Musulmi da ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma yi bayanin yadda ake magance mugun tunani da kyakkyawan tunani. Malik Badri, masanin Sudan da ya rasu a 2021, ya fitar da littafi a 1979 yana jan kunnen masana Musulmi game da kwafo ra'ayoyin Yamma ba tare da tacewa ba, kuma bai ce a watsar da fannin ba. A Abeokuta, likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu yayin da ake yi musu magani. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana rage alamun ciwon.

Abin da fannin yake ba ka shi ne hanyar gwaji, kai kuma ka kawo tambayar daga gida. In ka samu gurbi, ka ɗauki ma'auni guda, ka gwada shi a kan manoma a Giwa ko 'yan kasuwa a Sabon Gari, ka zauna da su ka ji abin da su suke ɗauka zaman lafiya, sannan ka nuna da alƙaluma inda ma'aunin ya dace da su da inda ya kauce. Ka tabbata ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka kafin ka raba takarda ko ɗaya, kuma ka tanadi asibitin da za ka tura duk wanda makinsa ya nuna yana cikin hatsari.