Tsakanin Tyson, Foreman da Wilder, Naushin Wa Ya Fi Nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A fadarmu gardama kan ɗan damben zamani da ya fi nauyin naushi ta ƙi ƙarewa: matasa sun kafe a kan Deontay Wilder, manya na cewa Tyson ko Foreman. Ni na ce a ƙirga waɗanda kowa ya kayar suka kasa tashi. Ko ba shi ne ma'auni ba?
Mai karatu daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙirgen yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya raba gardama. George Foreman ya ci dambe 76, a 68 ba a kai ƙarshen wasa ba. Mike Tyson 44 cikin 50. Rocky Marciano 43 cikin 49. To, wa aka doka, kuma kilo nawa yake?

Marciano bai wuce kilo 85 zuwa 86 ba. A yau ajin manya, wato masu nauyi, yana farawa sama da kilo 90, ka ga da ba ma cikinsa zai shiga ba. Wilder kuwa, da kilo 96, sau biyu ya kai Tyson Fury ƙasa a 2018, mutum mai kilo 116. Dokoki ma sun sauya. A 1919 Jack Dempsey ya kayar da Jess Willard sau bakwai a turmin farko, da safar hannu ƙanana, kuma lokacin ba a tilasta masa komawa kusurwa, sai ya tsaya kansa yana jira ya miƙe. Yanzu safar manya ta kai giram 280, kuma alƙali kan tsayar da wasa tun mutum bai faɗi ba.

Abin da ke sumar da mutum shi ne juyawar kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙo. Shi ya sa ake neman bakin haɓa, kuma naushin da ba a ga zuwansa ba ya fi illa. Ƙarfin daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ƙugu, ya bi kafaɗa. Hannu isarwa kawai yake yi. Wanda ya saki wuyan hannu ya lanƙwashe, ƙarfin ya zube, ƙashin bayan hannu kuma ya karye. Ƴan damben gargajiya da ke ɗaure hannu da zare sun san wannan sarai.

Mike Tyson sauri ne makaminsa: ya duƙa, ya shigo ƙasa, ya jera uku kafin a ƙifta ido, kamar yadda ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988. Wilder hannun dama ɗaya gare shi, in ya kuskure sai a ga rauninsa. Kada ku manta da Earnie Shavers, wanda ya shimfiɗe Larry Holmes a 1979, ko da yake Holmes ya tashi ya ci wasan.

A ganina Foreman ne a gaba. A 1973 ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu, alhali ba a taɓa cin Frazier ba. A 1994, yana da shekara 45, sauri ya tafi, amma gajeren naushin dama ɗaya ya kwantar da Michael Moorer a turmi na 10, ya karɓi kambun duniya.