Mene ne haɗin ciwon suga da ido, ƙoda da gyambon ƙafa?

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara 9 da ciwon suga. Wata biyu da suka wuce ya taka ƙusa, bai ma sani ba sai da muka ga jini a takalminsa, kuma har yau wurin ya ƙi warkewa. Ganinsa ma ya ragu. Da muka je asibiti sai aka ce a gwada fitsarinsa don a duba ƙoda. Me ya haɗa suga da duk waɗannan? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Abubuwa ukun da kika lissafa duk tushensu ɗaya, wato jijiyoyin jini.

Kowace jijiyar jini tana da wata lallausar shimfiɗa a cikinta, mai santsi, wadda jini ke gudana a kai. Idan suga ya daɗe yana yawa a jini, sai ya riƙa mannewa a jikin sinadaran da suka gina wannan shimfiɗa, kamar yadda ruwan rake ke barin danƙo a hannu. A hankali shimfiɗar ta yi kaushi, bangon jijiyar ya yi kauri, wani wurin ya fara yoyo. Ba a jin zafin wannan ko kaɗan. Shi ya sa idan majinyaci ya ce mini "ai ni garau nake jin kaina", ba ya kwantar mini da hankali.

Ƙananan jijiyoyi, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, su ne suka fi saurin jin jiki. A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske. Jijiyoyinsa kan yi yoyo ko su toshe, sai ido ya tsiro wasu sababbi marasa ƙwari, masu saurin fashewa su zubar da jini. Tabarau ba ya gyara wannan, kuma don a gano shi sai likitan ido ya ɗiga magani ya leƙa ciki, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ita kuwa ƙoda, kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1, kuma kowace matata ƙullin jijiyoyin jini ce. Idan suka lalace sai furotin, wato sinadarin gina jiki, ya fara zurarewa cikin fitsari, shekaru kafin a ga kumburi ko a kai ga wankin ƙoda. Abin da ake nema ke nan a fitsarin Baba, kada ku yi wasa da gwajin.

Ƙafa ce ta fi damuna. Jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa su ma jini ke ciyar da su. Da ya ragu, sai mutum ya fara jin raɗaɗi kamar barkono ko tsirar allura da dare, daga baya jin ya ɗauke. Dalilin da ya sa bai ji ƙusar ba ke nan. Sannan manyan jijiyoyin da ke sauka ƙafa, maiƙo kan taru a bangonsu da ya yi kaushi, hanya ta tsuke, jinin da zai warkar da rauni bai isowa. Wannan toshewar ce idan ta faru a zuciya take kawo bugun zuciya, a ƙwaƙwalwa kuma shanyewar ɓarin jiki. Raunin mazakuta ma, da maza ke jin nauyin faɗa, sau da yawa daga nan yake.

Na san za a samu masu cewa jifa ne, a kawo garin magani a barbaɗa. Don Allah kada a zuba komai a wurin. Gyambon mai suga da ya kai wata biyu aikin asibiti ne cikin wannan makon. Idan ya fara wari, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi a ranar.

Ana iya rage gudun ɓarnar. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, wanda aka fitar a 1998, ya nuna cewa tsananta kula da sauke suga ya rage matsalolin ƙananan jijiyoyi da kusan kashi 25 cikin 100. Ku nemi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3. Ga yawancin manya ana son ya zauna ƙasa da kashi 7, amma ga tsofaffi likita kan sassauta. Hawan jini da taba sigari suna ninka ɓarnar, don haka a riƙa awon jininsa, a kuma tambayi likita game da maganin rage maiƙo.

A gida kuwa, ke ko wani ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Ya goge tsakanin yatsu bayan alwala, ya daina tafiya ba takalmi, kada mai yankan farce ya sa masa reza. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da garwashi, kuma ke ki fara taɓa ruwan wankansa kafin ya sa ƙafa.