Alhaji, ka biya kuɗin aikin, amma da sharaɗi

Wani mai sayar da shadda da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai, wanda ke karɓar oda ta intanet, ya aiko da tambaya. Yaron da ke kula masa da shafi ya sa tsarin AWS, kamfanin da ke ba da hayar na'urori ta intanet, mai ƙaro uwar garke (na'urar da shafin ke zaune a kai) da kansa idan masu saye suka yi yawa, amma duk wadda ta taso sai ya shirya ta da hannu. Yanzu yana neman kuɗin aiki don su riƙa shirya kansu. "In biya, ko ɓarnar kuɗi ce?"

Alhaji, ka biya. Sabuwar na'ura fanko take tasowa, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kaɗai ke cikinta, kuma tun 2017 AWS da daƙiƙa yake lissafa hayarta. In ta tashi ƙarfe 2 na dare ana jajibirin Sallah, yaronka na barci, ka kama rumfa ke nan babu kaya a ciki.

Hanya biyu ce. Ko yaron ya rubuta umarni, manhajar cloud-init da ke cikin na'urar ta karanta a tashin farko ta girka komai, sai dai yakan ci mintoci, kuma in wurin sauko da manhaja ya tsaya, na'urar ta fito gurguwa. Ko ya shirya guda tsaf, ya ɗauki hotonta, wato kwafin duk abin da ke cikinta da ake kira AMI, sauran su fito daga shi. Wannan ya fi sauri, amma kowane canji sai sabon hoto. Ni na fi son a haɗa: manyan manhajoji a hoto, ƙananan saituna a umarni.

Ga inda kuɗinka yake. Ka ce wa yaron ya sa iyakar yawan na'urorin da za su iya tashi, domin da dala ake lissafi, sefa kuwa da yuro aka ɗaure ta. Kada hoton atamfa ko odar mutum ta kwana a kan na'urorin, tun da cunkoso na raguwa goge su ake yi. Hotunan kaya su tafi S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, oda ta tafi rumbun bayanai daban. Kalmar sirri kada ta shiga cikin umarnin nan. Asusun kuma da sunanka, Alhaji, ba na yaron ba.

Kafin ka cika masa kuɗi, ya kashe na'ura ɗaya a gabanka, ya ɗauke hannu. In wata ta taso, ka yi oda da wayarka ta shiga, sai ka ba shi cikon.