Lissafin shago na ɓacewa a kwamfuta, sai na sayi sabuwar saba?

Wani Alhaji mai sarin kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ya turo tambaya. Kwamfuta uku gare shi, dukkansu a folda ɗaya suke ajiye lissafi a kan ta ofis, kwanan nan sai saƙon "Delayed Write Failed" ya riƙa fitowa, da safe a buɗe a tarar cinikin jiya da yamma ya yi layar zana. Mai gyara ya ce a sayi sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ajiya a kanta, shi kuma Alhaji ya fara zargin yaron shago.

To Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ka dakata da zargin yaron nan tukuna, kuɗinka ma ka riƙe abinka. Idan aka danna sebin ba nan take kwamfuta ke rubutawa a hadis (hard disk, ma'ajiyarta ta dindindin) ba, tana ɗan riƙe abin a RAM, ma'ajiyar wucin gadi, saboda sauri, kamar yaron da ya riƙe ciniki a ka da niyyar zai shigar a littafi anjima, to in aka ɗauke wuta ko netwok ya tsinke kafin ta kai shi, shikenan ya tafi. Saƙon nan Windows ce ke faɗa maka ta yi ƙoƙarin kaiwa ta kasa.

Ka sa mai gyaran ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, a gabanka, ɓangaren System, ya nemo saƙonni masu lamba 50, kowanne da lokacinsa a jiki. Ku gwada da lokacin da ake ɗauke wuta ko sauyawa zuwa janareta. In sun yi daidai yaronka ya fita.

Inda kuɗi ya kamata ya shiga shi ne UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, kuma ba kwamfutar ofis kaɗai ba, har da rauta ko suwich ɗin da ya haɗa su, nan mutane ke mantawa wallahi, kwamfuta na kunne amma hanyar ta mutu. A ja waya a bar wayifai, gini mai rodi da buhuna jibge ba ya barin sigina ta zauna. Sannan a Device Manager, Disk drives, Policies, a cire alamar write caching, wato riƙe abu kafin a rubuta shi a hadis, kwamfutar za ta ɗan rage gudu amma lissafin shago ba wani nauyi ne da shi ba.

Mutum biyu su daina buɗe fayil ɗin Excel ɗaya lokaci guda. In da manhajar lissafi ta QuickBooks kuke aiki, a saka Database Server Manager ɗinta mai kula da buɗe fayil daga kwamfutoci da yawa. Kullum kafin a rufe shago a kwafi lissafin a filash, ka tafi da shi gida.

Sabon kaya sai in an duba hadis ɗin da manhajar CrystalDiskInfo ta nuna ya fara lalacewa, nan ma SSD guda, wato sabon nau'in hadis, za ka saya a sauya, ba saba sukutum ba.