Me ya sa ƙanƙarar ta narke da wuri a kwamfuta?

Ka ce a lissafin kwaikwayon da ka yi a kwamfutarka ƙanƙarar gilashin gaban mota ta gama narkewa kafin minti goma, alhali a ɗakin sanyi da ake gwada motar gaske ƙanƙarar ko hanyar narkewa ba ta kama ba a wannan lokacin, kana tambaya ko manhajar ce ta samu matsala. Ɗana, ƙyale manhaja. Kowace manhajar lissafin iska da zafi ce, ko Fluent, ko STAR-CCM+, ko OpenFOAM, abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka.

Je ka duba zafin iskar da ka sa a bakin hurawa, can gindin gilashi. Na tabbata lamba ɗaya ka rubuta, mai zafi, tun daga daƙiƙar farko. Ina aka taɓa yin haka? Motar da ta kwana a digiri 18 ƙasa da sifili injinta sanyi ƙalau yake, hita kuwa daga ruwan inji take samun ɗuminta. Mintunan farko iska mai sanyi ce kawai ke busar gilashi. Karɓo awon da aka ɗauka a ɗakin gwaji, yadda zafin ke hawa minti bayan minti, ka shigar da shi yadda yake.

Kada ka manta kuma ƙanƙarar a waje take, iskar a ciki. Sai zafi ya ratsa falle biyu na gilashi da siririyar robar PVB da ke tsakaninsu, gilashi kuwa ba ya saurin ba zafi hanya. Ko ya isa, ƙanƙara tsayawa take cak a sifili har kowane giram ya sha zafi kusan jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne). In wannan bai shiga lissafi ba, narkewar ƙarya za ka gani.

Ni lissafin gudun iska nake fara warwarewa shi kaɗai har ya daidaita, in tsayar da shi a haka, sannan in kunna lissafin zafi da lokaci. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ragar lissafin, wato ƙananan gidajen da manhaja ke raba wurin, ka matse ta sosai a jikin gilashi, domin nan iskar ke manne tana hawa sama.

Dokar Tarayyar Turai tana son kashi 80 na yankin da direba ke kallo ya washe cikin minti 20, kashi 95 na babban yankin gilashin da ke kewaye da shi cikin minti 40. Tsakiya ba ta cika ba da wahala ba. Kusurwoyin sama da gefen ginshiƙan gaba su ke makara, don iskar ta gaji kafin ta kai can. Gyara zafin nan, ka kawo min hoton minti 20 mu ɗora shi kan layin iyakar narkewa da aka zana a gilashin gwaji.